Irin Shinkafar da Wulan Ta Zuba a Aljihu

Wayyo daɗi, an ɗaura! Bari in gyara goyona in ba ku labari, auren Wulan maƙwabciyata da Hazwan ɗan Maleshiya!

A gonar gwajin gwamnati inda Wulan take aiki suka haɗu. Ƙasarsu ce ta turo shi ya ga irin shinkafarmu mai jure ruwan gishiri, wanda ministocin ƙasashen biyu za su sa hannu a raba. Ranar farko ya zurma cikin taɓo har gwiwa.

"Masanin birni, sannu da wanka," in ji Wulan tana dariya.

"Ƙanwata, ki ja ni mana!"

Daga wannan jan hannun aka fara.

Da zai koma gida, ta tuna kakarta takan zuba wa matafiyi shinkafa a aljihu don ya dawo. Ta ɗebi ta gwajin nan ta zuba masa a ɓoye. Ashe doka ta hana ƙwaya ɗaya fita kafin sa hannu.

A filin jirgi aka kama shi. Aka dakatar da shi daga aiki, ministoci suka ɗage zama. Mahaifin Wulan ya ce, "Ɓarawon iri ba zai auri 'yata ba."

Wulan ta kasa cin abinci, kullum kuka. Sai ga saƙonsa:

"Hasken idona, na san hannun da ya zuba. Ban faɗa ba, ba zan faɗa ba. Ki ci abinci."

Saƙon ya fi mari zafi. Ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ni ce. Ni na zuba."

Tsohon ya ce, "Kuma ya rufa miki asiri? Tashi ki je ki wanke yaron mutane."

Ta je ta faɗa wa shugabanta gaskiya. Aikinta ya tafi, shi aka mayar da shi bakin aikinsa, ministoci suka sa hannu daga baya. Har jiya da ake mata kwalliya tana ce min, "Yaya, na kusa kashe masa rayuwa."

Da dattawa suka watsa musu shinkafar kurkum ta sa albarka, Hazwan ya kakkaɓe aljihunsa tsaf.

"Amarya, wannan da izinin minista?"

Ta yi dariya da hawaye. Allah ya ba su zaman lafiya. Ku tura wa 'yan unguwa don Allah, yarona ya farka!