Hannun Inna da Donot ɗin Tuffa

"Wadda ba za ta ci abin hannuna ba, ita za ka kawo min gida?"

Inna ba ta ɗago ba da ta yi maganar. Hannunta na cikin kwaɓin fulawa, tana murza shi kamar shi ya yi mata laifi.

Na ce, "Inna, ba ƙi take yi ba... jikinta ne ba ya so."

"Jiki? Da fulawa da bota na raine ka, Auta. Ka ga ka mutu?"

Tun rasuwar Baba, donot ɗin Inna ne ya riƙe gidanmu. Shi ya biya min makaranta har inda ƙwaƙwalwata ta tsaya, shi ya saya min zarton farko da na fara kafinta. Kicin ɗinmu ko bango ka shafa sai ka ga fari a tafinka.

Ita kuwa Malama, na san ta ne ranar da na je gyaran benci a makarantar da take koyarwa. Ta kawo min ruwa, na miƙa mata donot ɗin Inna, sai ta ja da baya kamar na miƙo kunama. Daga baya ta yi min bayani. Alkama tana kwantar da ita da ciwon ciki. Madara kuwa ta fi muni, da ita da duk abin da aka yi da ita. Ko ɗan kaɗan ya taɓa bakinta, maƙogwaronta rufewa yake.

Ta taɓa fito da wata allura mai kama da biro daga jakarta, ta ɗora min a hannu.

"Kafinta, idan ka ga na kasa magana, a cinya za ka caka. Kada ka tsaya tausayina."

"Allah kada ya nuna min ranar, farin cikina."

"Amin. Amma dai ka koya."

Tun daga nan na ƙudura a raina. Idan Inna ta ga Malama ta zauna a falonmu tana cin abin da aka gasa a kicin ɗinmu, wataƙila zuciyarta ta sauko.

Na sayi komai sabo: kwano, cokali, rariya, da gwangwanin gashi mai ramuka. Na yi musu akwati da hannuna, na sa murfi. Duk ranar da Inna ta kai kaya shago, sai in wanke teburin tas, in goge tuffa, in haɗa da garin shinkafa, madarar kwakwa, ƙwai, suga, bekin foda, kirfa, citta da ɗan kanumfari. Ƙamshin kam ba a magana. Amma fitar da su daga gwangwani shi ne yaƙi. Ko na shafa mai sai sun kama, in ta ƙwaƙula da wuƙa suna ɓarewa.

Wata rana Inna ta dawo ta same ni, ta leƙa farantin.

"Wannan kuma mene ne? Ɓaraguzan katako?"

"Ki koya min mana, Inna."

"Je ka Malamarka ta koya maka. Ai ita ce mai ilimi."

Ta wuce. Amma na lura ta ɗan tsaya a bakin ƙofa tana shaƙar ƙamshin.

Ranar da Malama za ta zo, tun safe na shiga kicin. Hadari ya haɗu ya ƙi zuba, gidan ya yi duhu da rana tsaka. Na gama kwaɓi ke nan wayata ta yi ƙara. Malama ce, motar haya ta sauke ta a wata kwana daban, ta rasa hanya.

Na rufe kwanon, na leƙa ɗakin Inna.

"Zan je in taho da ita. Don Allah kada a taɓa..."

"Wa zai taɓa maka tarkacenka?"

Da muka shigo gida, ƙamshin kirfa ne ya tare mu tun daga ƙofa. Na tsaya cak.

Inna na zaune a falo, ta sa kayanta na fita. A gabanta faranti ne, donot a jere, kowanne zagaye sumul, yana sheƙi.

Malama ta durƙusa ta gaishe ta. Inna ta amsa a taƙaice, tana ƙare mata kallo.

"Kwaɓi ba ya jiran mai soyayya," in ji Inna. "Na ga zai lalace, na gasa."

Wallahi ƙwalla ce ta cika min ido. Inna ce fa, da hannunta.

Sai dai wani abu ya tsaya min a rai. Na kalli farantin, na sake kallo. Ko ɗaya bai ɓare ba.

Na rage murya. "Inna... ba ki ƙara komai ba ko?"

Fuskarta ta canza. "A gaban baƙuwa za ka tuhume ni? Kwaɓinka ne. Ko gishiri ban ƙara ba."

Malama ta harare ni a ɓoye, irin hararar nan ta ka yi shiru. Ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya.

"Abin hannun Inna ai ba a tambaya," ta ce, tana murmushi. Ta gutsura.

Na ga kafaɗun Inna sun sauko. Har ta fara cewa, "Ci, 'yar nan, ga shi duk kin rame..."

Ni kuwa ƙafata ce ta kai ni kicin. Kwanona ne, cokalina ne, gwangwanina ne a kife. Na fara sauke ajiyar zuciya. Sai idona ya faɗa kan wata 'yar takarda a gefen murhu, a dunƙule, ta jiƙe da maiƙo.

Takardar bota.

Inna ba ta taɓa zubar da ita. Da ita take shafe gwangwani kafin ta zuba kwaɓi, tun kafin a haife ni. Ko cikin barci ka ba ta gwangwani, abin da hannunta zai fara yi ke nan.

Daga falo na ji tari. Ƙaramin tari, sannan wani.

Da na fito, Malama na sosa wuyanta. Leɓenta ya fara kumbura. Ta kalle ni ta buɗe baki, ba abin da ya fito sai wani sauti kamar fito.

"Ruwa... a ba ta ruwa, ƙwarewa ta yi," Inna ke faɗi.

"Bota ce, Inna! Gwangwanin!"

Na zazzage jakar Malama a ƙasa, na ɗauko allurar. Na tuna maganarta, na caka ban tsaya tausayi ba. Na saɓe ta a kafaɗa na yi waje, ruwan ya tsinke a daidai lokacin.

Abin da na gani na ƙarshe kafin in fita, Inna ce tsaye a tsakiyar falo, ta buɗe tafin hannunta tana kallo.

A asibiti likita ya ce allurar ce ta cece ta. Suka riƙe ta don su ga yadda numfashin zai daidaita. Babanta ya zo. Bai ɗaga murya ba, da ma ya yi faɗa da ya fi min sauƙi.

"Ɗana, na san kana son ta. Amma gidan da iskarsa ma fulawa ce, ta yaya zan kai 'yata?"

A hanyar gida na yi ta juya maganar. In bar Inna ita kaɗai? In ce ta daina sana'ar da ta ciyar da ni?

Kwanaki gidanmu ba ƙamshi. Inna ba ta kunna murhu ba, masu shago suna ta aike tana cewa ba ta da lafiya. Ba ta yi min maganar ba, ni ma ban yi ba.

Wata safiya ƙarar jan kaya ta tashe ni. Na tarar ta fito da buhun fulawa, da kwanukanta, da tsohuwar rariyarta, duk ta tara a ƙofar ɗakin baya inda muke ajiye shirgi.

"Ka yi min tebur da kabad a nan," ta ce. "Ka sa ƙofa mai rufuwa sosai. Kicin kuma ka kankare shi har rufi, ka sake fenti."

"Inna, kicin ɗinki ne fa..."

"Na ce maka ba nawa ba ne? Ɗauko gudumarka."

Da aikin ya kammala, ta aike ni na sayo sabon gwangwani. Ta wanke hannu har sau nawa ban sani ba, ta sa na tsaya a kanta ina faɗa mata abin da za ta zuba. Ni, ina koya wa Inna kwaɓi.

Da yamma muka je gidan su Malama. Tana zaune a falo kusa da babanta, muryarta ba ta gama dawowa ba. Inna ta ajiye kwanon a gabanta ta buɗe.

Babanta ya gyara zama.

Donot ɗin duk sun ɓare. Wani rabi, wani ba a ma gane siffarsa, gefensu duk shaidar wuƙa.

"Ban shafa komai ba," in ji Inna. "Ko man da Auta ya ce ba ya cutar da ke, na kasa. Ban yarda da hannun nan ba tukuna, 'yata."

Malama ta daɗe tana kallon kwanon. Babanta ya buɗe baki zai yi magana, ta riga shi.

"Kafinta," ta ce a hankali, "waɗannan ai sun fi naka muni."

Inna ta yi wata dariya da ta koma kuka.

Malama ta zaɓi mafi ɓarewa a ciki. Da ɗaya hannun ta kamo hannun Inna ta riƙe gam, sannan ta kai bakinta.