Sai An Gama Gwaji

Ranar da suka fara haɗa ido, kuskurensa ta zo nuna masa. Sabuwar mai gwajin manhaja ce a kamfanin, shi kuwa Sarkin Sauri ake ce masa, don duk cikin masu rubuta manhaja babu mai riga shi gama aiki.

Ta ajiye kwamfuta a gabansa. "Malam, sa nauyin jariri a nan ka gani."

Ya sa. Manhajar asibitin da ya rubuta ta fitar da adadin maganin babban mutum.

"Ban gwada nan wurin ba," ya ce a sanyaye.

"Na lura."

Tun daga ranar bai ƙara miƙa aiki ba sai ya gwada, kuma da ƙafarsa yake kai mata. Ya raɗa mata suna Idon Mikiya. Wata rana ya turo mata saƙo: "Idon Mikiya, na bincike zuciyata kaf, matsala ɗaya na samu, ke ce. Don Allah kar a gyara."

Ta amsa: "Ka dai ci abinci, sarkin zance."

Manajan sashensu, wanda ya nemi aurenta ta ƙi, ya matsa lallai a saki manhajar kafin a gama gwaji. Ya tare ta a bakin ofis ya ce, "Mutumin naki ya yarda. Cewa ya yi ke kike ja mana jinkiri."

Cikin fushi ta rubuta wa Sarkin Sauri: "Idan ran 'ya'yan mutane bai dame ka ba, ni ma ka fita harkata." Ta daina ɗaga wayarsa.

A taron ma'aikata manaja ya umarci Sarkin Sauri ya saki manhajar yanzu.

"Ranka ya daɗe, akwai lissafin maganin da ba a gwada ba. Ba da hannuna ba."

"To ajiye katin aikinka."

Ya cire ya ajiye. Sai a lokacin ta gane ƙarya aka yi masa. Ta miƙe idonta fal hawaye. "Ni ma ba zan sa hannu ba." Dole aka dakatar da sakin.

A matakala ta cim masa. "Ka yafe mini, masoyina."

"Ai ko fushinki ina so."

Saura Abbanta, wanda ya ce ba zai ba mara aiki 'yarsa ba. Da ƙyar mahaifiyarta ta shawo kansa ya kira saurayin falo, ya sa ya faɗi dalilin korar.

"Ka yi da-na-sani?"

"A'a, Abba. Aiki zan samu wani."

Abba ya gyaɗa kai ya ce, "Turo magabatanka."

Kafin biki ya sami sabon aiki. Ranar ɗaurin aure Abba ya riƙe hannun ango. "Ga amanata nan. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari."