Zogalen Mailafiya

Kai mai karatu, ka bi ta bakin koramar tsohon garinmu da ke kudu da Tanut, ka ga sabbin gidajen nan na siminti masu jajayen ƙofofi da allon "na sayarwa", har ka ce gari ya waye. Ka ga matar da ke durƙushe a gindin katangarsu tana tsince tsakuwa tana sayar wa magina, ka kawar da kai. To, sunanta Rahama, kuma ƙasar da take durƙushe a kai lambun mijinta ne.

Tana cikin takabar mijinta Mailafiya ƴarta Ummu ta shigo da gudu tana kuka, wai Baba Abdulmajid ya zo da masu gatari. Abdulmajid wan marigayin ne, dillalin filaye. Ya san dokar gari sarai: wanda aka ara wa ƙasa ba ya dasa itace, mai ita kaɗai ke dasawa. Shi ya sa kafin ya ce wa kowa aro ya ba ƙanensa, sai da ya sa aka sare lemo, aka sare kurna, aka kwantar da jerin zogalen nan da ya kewaye lambun, aka rufe kututturan da yashi.

Rahama ta yafa mayafi ta fita, ƙafa ba takalmi, abin da mai takaba ba ta yi.

"Yaya, don girman Allah... abincin marayu ne."

"Ku gani da idonku," in ji shi, yana juyowa wajen jama'a. "Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, ta fito tallar kanta."

Mutanen da suka sha lemon lambun nan shekara da shekaru suka sunkuyar da kai. Daga ranar mata suka daina ba ta aron turmi, aka daina kiranta suna da biki, yara na bin Ummu da waƙar "ɗiyar mai gudun takaba". Ta sayar da akuyarta, ta sayar da kwanonin aurenta, har ta koma tsintar tsakuwa a inda ta saba cirar albasa. Addu'arta guda ce: "Ya Allah, Kai Ka ga hannun da ya dasa... Ka tsaya wa marayun nan."

Da damina ta sauka, wani malamin asibiti daga Damagaram, Malam Shadrak, ya zo duba gidan da zai saya cikin waɗanda Abdulmajid ya gina a kan lambun, Abdulmajid na zagayawa da shi. A tsakar gidan ya ga ƙananan ganyayyaki sun keto yashi a jere, tsaf kamar an ja igiya, sun ratsa ƙarƙashin katanga sun ɓulla gida na gaba.

"Alhaji, ka ce mini fili ne fetal. Wa ya dasa zogale?"

"Ciyawa ce, malam."

"Ciyawa ba ta bin layi." Ya leƙa waje ya ga Rahama. "Baiwar Allah, kin san wannan wurin?"

Ta shigo, ta durƙusa, ta taɓa ganyen, sai hawaye. "Shekarar da na haifi Ummu ya dasa su. Ya ce kada mai jego ta rasa miya."

Magana ta kai ga hakimi, a gabansa aka tone yashi, kututtura suka bayyana ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin bakin dattawa ya buɗe, kowa ya tuna ya ga Mailafiya yana ban ruwa. Hakimi ya dube su ya ce, "Itacen da aka sare ya riga ku ba da shaida." Aka mayar wa marayu ƙasarsu, aka ba su gida guda diyyar itatuwa, masu saye suka watse, Abdulmajid ya bar gari fuska rufe da rawani. Matan da suka hana ta turmi suka zo neman gafara, ta shimfiɗa musu tabarma, ba wadda ta iya ɗaga ido.

Baƙo ne ya yi tambayar, mu ƴan gari muka yi shiru! Yau ma a unguwarku akwai mai takaba da ba ta iya fita, kuma akwai mai auna gonarta da ido. Tashi ka je ka tsaya a kan iyakarta, ka faɗa da ƙarfi wanda ya dasa, tun ba a kawo gatari ba.