Layar Wuyan Uwani

Ba su cire layar daga wuyan yarinyar ba. Kuskuren ke nan, babu wani.

Kwana uku Uwani tana fama da mashaƙo. Ran na huɗu da hantsi numfashinta ya koma kamar ana jan zarto, leɓenta ya yi toka-toka. Laraba, uwarta, ta bar kaskon ƙosai a kan wuta ta aika a kira mijinta Haruna daga tashar jiragen ruwa.

Mahaifin Laraba, Malam Isma'ila, ya tare ƙofa. Ya ce jikarsa ba ta zuwa asibitin nan na kan tudu, inda 'ya'yan Turawa ke koyon likitanci a jikin baƙar fata. Wanda ya mutu a can feɗe shi ake yi, ba wanka ba salla. Ya ɗaura mata laya da hannunsa, saura na Allah ne.

Haruna ya iso yana haki. Ɗan dako ne, mai ɗaukar masu hali a kujera, kuma da kafaɗar nan ya fanshi kansa daga bauta. Tun farko Malam bai so ya ba shi 'ya ba, don bai yi karatu ba.

"Baba, a ba mu hanya."

"Ko alif ba ka sani ba, kai za ka koya min tawakkali?"

"Ban san alif ba. Amma na san kukan maƙogwaron nan. Yara biyu na ji suna yin sa a cikin jirgin bayin da ya kawo ni."

Laraba ba ta taɓa ƙetare maganar ubanta ba. Ran nan ta saɓa 'yarta, ta sunkuya ta ƙarƙashin hannunsa ta wuce.

Haruna da abokin dakonsa Audu suka sa su a kujera mai labule suka hau tudu a guje. Mutane sai kallo, baƙar mace a kujerar iyayen gida. Wani ya yi zagi, Haruna ya rama ba tare da ya rage gudu ba.

Mai gadin asibiti ya ce su jira layi. Laraba haifaffiyar garin nan na Bahia ce, ba daga ƙetaren teku aka kawo ta ba, bakinta ya iya Fotugis har da na faɗa. Ta buɗe murya, sai da wani tsohon likita ya leƙo, ɗalibai na biye da shi. Da jin numfashin bai tambayi komai ba, ya ce a kwantar da ita a tebur.

Ya sa almakashi ya datse igiyar layar ya jefar gefe. Ya nuna wa ɗaliban wurin da yatsa, ya tsaga maƙogwaron, ya zura ɗan bututun azurfa. Laraba ta damƙe hannun Haruna har farcenta ya shige shi.

Shiru... sai wani fito siriri. Majina da jini suka fantsamo, ƙirjin yarinyar ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa.

Suna cikin hamdala wani ɗalibi mai karambani ya tsinci layar ya farke fatar. Takarda ta faɗo, cike da rubutun Larabci.

Tun tawayen bayi Musulmi da aka murƙushe a unguwar Água de Meninos, shekara ashirin da ɗoriya da suka wuce, hukuma ba ta san addu'a ba. Duk takarda mai wannan rubutu takardar tawaye ce. Shi ya sa kowace uwa ke cire wa ɗanta laya a gindin tudu ta cusa a ɗankwali. Kullum Laraba haka take yi. Ran nan ne kawai ba ta tuna ba.

Kafin la'asar 'yan doka sun iso. Tambayarsu ɗaya, wa ya rubuta? Kowa ya san hukuncin: 'yantaccen da aka haifa a Afirka, a jirgi ake jefa shi a mayar da shi can, ba dawowa. Malam ya haura saba'in, bayansa duk tabon bulalar wancan tawayen ne. Teku ba zai bar shi da rai ba.

Haruna ya ce shi ne.

Babban ɗan dokan ya dubi kantar da ke kafaɗarsa ya yi tsaki, ya ce to ya karanta. Haruna ya karɓa ya kafa yatsa, ya rera Fatiha da Ƙulhuwallahu da ƙarfi, har ɗaliban suka ja baya. Laraba kaɗai ta ga takardar a juye ya riƙe ta, samanta a ƙasa.

Mutumin bai gamsu ba. Ya juyo kan Laraba, ya ce ita 'yar ƙasa ce, maganarta za a rubuta. Mijinta ne, ko akwai wani a gidan?

"Larabata, kalle ni," in ji Haruna da Hausa. "Ni zan kai gaɓar can da raina. Tsoho ba zai kai ba."

"Ni fa, Baban Uwani? Ita fa?"

"Saurara. Numfashi take yi. Abin da muka zo nema ke nan, mun samu."

Ta saurara. Bututun na ta fito. Ta ɗaga kai ta ce da Fotugis, mijina ne. Ba ta yi kuka a gabansu ba, ta ƙi ba su wannan.

Washegari Malam ya ɗauki sandarsa zai je ya faɗi gaskiya. Laraba ta tare ƙofar da shi ya tare jiya.

"Na riga na ba su ɗaya, Baba. Ba zan ba su biyu ba. Koma ka zauna."

Ya koma ya zauna.

Ran na tara aka zare bututun. Bayan wata guda aka fito da Haruna zuwa jirgin Ikko. A bakin ruwa Malam ya riƙe hannunsa ya kira shi ɗana. Haruna ya yi dariya ya ce ashe sai da ya zama malamin ƙarya aka karɓe shi. Ya durƙusa ya taɓa tabon wuyan Uwani. Ta ce Baba da dusasshiyar murya.

Laraba ta ce masa kada ya kuskura ya ɗauka an raba aure. Hukuma jirgi take da shi, ba saki ba.

Ta dawo da kaskonta bakin ruwan nan. Manema suka zo, ta kore su da matsami. Duk jirgin da ya taho daga Ikko sai ta tsare matuƙansa da tambaya.

Uwani ta rayu, ta yi aure, ta haifi huɗu. Haruna bai ga ko ɗayansu ba.