Barkonon Auta

Saura kaɗan in fasa rubuta labarin nan. Na sha farawa ina ajiyewa, don ba irin wanda ake gamawa da guɗa ba ne. Amma abin ya ƙi barin raina, shi ya sa na ce bari dai in kai shi ƙarshe.

"Ke ce mai waken?"

Auta ta miƙe daga kan bencin asibiti, gyalenta ya zame, ta gyara shi.

"Ni ce, Umma..."

"Ban haife ki ba! Kar ki ƙara ce min Umma."

Mahaifiyar saurayinta Dogo ce tsaye a gabanta, idanunta sun kumbura don kuka. A bayanta ga 'yar ƙanwarta nan, wadda take aiki a kemis, rungume da filas, ta sunkuyar da kai kamar ta Allah.

"Yaro yana fama da gyambon ciki shekara da shekaru, likita ya hana shi ko ƙanshin yaji, ke kuma kin cika kula da wuta kin aiko min har cikin gida! Me ya yi miki? Don na ce ba zai aure ki ba shi ne za ki kashe min shi?"

Gyambon ciki...

 Wallahi yau Auta ta fara jin wannan magana.

Shagon Auta ɗan ƙaramin ɗaki ne a bakin garejin gyaran motoci. Benci biyu, tebur ɗaya, da babbar tukunyar da ta gada wajen babanta. Marigayin kuku ne a wani otal, a can ya koyo girkin nan, ita kuma ta koya a gefensa tun tana tsayawa kan kujera kafin ta ga cikin tukunya. Da ya rasu karatunta ya tsaya a firamare, girkin ne ya riƙe gidan.

Wake take jiƙawa tun da yamma. Da safe ta dafa shi ya yi laushi amma kada ya fashe. Sai ta soya albasa da tafarnuwa, ta zuba niƙaƙƙen nama ta yi ta juyawa har ya canza kala, ta kawo tumatir da attaruhu da garin barkono, sannan ta juye waken a kai, ta rage wuta. Haka zai yi ta ɓararraka har jan mai ya taso sama. Wasu da burodi suke ci, wasu da shinkafa.

Kanikawa ba sa barin ta ta huta.

"Auta, yau ma da niyyar kisa kika zo?"

"Zuba min, in na mutu Oga ya biya!"

Ita dai sai murmushi, ta ja gyale ta rufe rabin fuska. Magana ba ta dame ta ba. In mutum ya kalle ta sosai ma sai ludayi ya nemi faɗuwa.

Dogo mai gyaran wutar mota ne. Ranar da ya fara zuwa, ya kai loma ɗaya sai hawaye.

"Dogo, kuka kake yi?" in ji Oga mai garejin.

"Daɗi ne, Oga. Ai barkonon nan shi ne girkin."

Ya faɗa yana kallonta. Daga ranar kullum yana nan. Ita kuma tunda bakinta ba ya iya faɗin abin da ke ranta, sai hannunta ya riƙa faɗa. Ta tsamo masa inda nama ya fi yawa, ta barbaɗa masa ƙarin barkono a sama, tunda ya ce shi yake so. Ya cinye tas yana share gumi.

"Ya yi?"

"Rabin raina, ko sarki bai samu irin wannan ba."

Duk garejin babu mai kirkinsa. A ari kayan aikinsa a ƙi dawowa da su, ba zai tambaya ba. A sa shi aikin wani, ya ce to. Da ya fara zuwa gidan su Auta, Inna mahaifiyarta ta so shi ƙwarai. Yayar Auta ce kawai ta taɓe baki.

"Wannan saurayin naki ko ɗan akuya ya ce masa matsa, matsawa zai yi."

"Haƙuri ne da shi, Yaya."

"Allah ya sa haƙurin ne."

Matsalar daga gidan su Dogo ta taso. Mahaifiyarsa ta ce ba za ta haɗa zuri'a da mai sayar da abinci a tsakiyar ƙartin gareji ba, ga 'yar ƙanwarta nan mai ilimi da aikin yi. Auta ta yi kuka har ta gode Allah. Dogo ya yi ta lallashi.

"Umma ba ta san ki ba ne, sanyin idona. Ki yi mata girkin nan da hannunki in kai mata. Wallahi in ta ɗanɗana, magana ta ƙare."

Ana gobe za ta yi girkin, sai ga wata budurwa ta shigo shagon da farar rigar aiki, tana ƙanshin turare.

"Ke ce Antinmu? Kai, ashe Yaya Dogo ya iya zaɓe! Ni ce ƙanwarsa ta kemis."

Auta ta rasa inda za ta sa kanta don kunya.

"Ki kwantar da hankalinki, ni ba na cikin wannan haɗin da ake yi. Yayana ne, me zan yi da shi? Na ji gobe za ki yi wa Umma girki, shi ne na ce bari in ba ki sirrin gidan. Gidanmu gidan yaji ne. Ki cika hannu, kar ki ji tsoro. Shi kansa Yaya yana cewa kwanan nan naki ya yi sanyi, kunyar faɗa miki yake ji."

Har da zuba mata waken a leda Auta ta yi, ta raka ta bakin titi tana godiya.

Washegari ta yi girkin da ba ta taɓa yin irinsa ba. Ta zaɓi waken ɗaya bayan ɗaya. Ta ninka attaruhu, ta ninka barkono, har sai da maƙwabcinta mai faci ya leƙo yana atishawa yana tambayar wa ya yi mata laifi. Dogo ya zo ya ɗauki kular da rana.

Bayan la'asar ya kira ta.

"Albishirinki! Umma ta cinye tas, ta ce a gaishe ki."

"Don Allah da gaske?"

"Ga kular nan babu ko ƙwayar wake."

Ta yi ta tsalle ita kaɗai a cikin shago. Ba ta san Umma buɗewa kawai ta yi ta rufe, ta ce a mayar wa mai shi ba. Ba ta san ɗakinsa ya shige da kular, ya zauna ya cinye shi kaɗai don kada ta dawo mata a cike ba. Kafin magariba Oga ya zo da gudu ya ce Dogo yana aman jini, an wuce da shi asibiti.

Shi ne yanzu take tsaye gaban mahaifiyarsa, duk mutanen da ke barandar sun zuba mata ido.

Ta juya ta kalli ta kemis.

"Ke... ke ce kika ce min in cika..."

"Ni?" Ta dafa ƙirji. "Ni da nake ba shi maganin cikin nan da hannuna duk wata, ni zan ce ki sa masa yaji? Umma, kin ji wani sharri kuma!"

Auta ba ta iya cacar baki ba. Ba ta saba ba. Sai kawai ta ratsa ta gefensu ta tura ƙofar ɗakin da aka kwantar da Dogo.

Yana kwance, an sa masa ƙarin ruwa, leɓɓansa sun bushe. Idonsa biyu.

"Dogo, ka gaya musu ban sani ba. Ka gaya musu ba ka taɓa faɗa min ba..."

Umma ta shigo a bayanta.

"Yawwa, gara da ta shigo. Faɗa mata da bakinka ta fita harkarka."

Ya kalli Auta. Ya kalli mahaifiyarsa.

"Umma, ki yi haƙuri..."

"Dogo, magana ɗaya ce. Na sani ko ban sani ba?"

Ya lumshe ido, ya juya fuskarsa wajen bango.

Ba ta san yadda ta kai gida ba. Yaya ta so ta je kemis ɗin ta yi wa yarinyar dukan tsiya, Inna ta hana. Auta kuwa ba ta kemis ba ce take ci mata rai. Duk farantin da ta taɓa ajiye masa take tunawa, da ƙarin barkonon da take barbaɗawa tana jin daɗi, shi kuma yana murmushi, daga nan ya wuce ya sayi magani a hannun wata.

Makonni suka wuce. Bai kira ba, ita ma ba ta kira ba. A bakin kanikawa ta ji an fara maganar aurensa da 'yar'uwarsa ta kemis.

Wata rana da yamma, masu cin abinci sun watse, tana goge tebur, sai inuwa ta tare ƙofa. Ya rame, rigar ta yi masa yawa.

"Auta..."

Ta ci gaba da goge inda ta riga ta goge.

"Rabin raina, ki dube ni mana."

"Me ya sa ba ka taɓa gaya min ba?"

"Na ga kina jin daɗi in na ci. Ban so in ɓata miki rai."

"A asibiti fa?"

"Umma tana da hawan jini. Ban so in ɓata mata rai."

"Auren fa? An ce ka amsa."

Ya zauna a bakin benci, ya haɗa hannuwa.

"Na ce to ne kawai don a samu kwanciyar hankali. Amma wallahi ba zan yi ba. Ke nake so, ke kaɗai! Ki ba ni lokaci kaɗan, zan zaunar da Umma in ce mata a'a."

"Yaushe?"

"In ta huce."

Auta ta daɗe tana kallonsa. Rabon da ta kalli namiji ido cikin ido haka, ba ta taɓa ba ma. Har yanzu tana son sa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Ta juya wajen tukunya. Akwai saura a ƙasa, inda mai da yaji suka taru. Ta kwashe a faranti, ta ɗebo garin barkono ta zuba har saman ya yi ja wur. Ta ajiye a gabansa, ta sa cokali.

"Ci."

Ya kalli farantin, ya kalle ta.

A zuciyarta roƙo take yi. Ya Allah ka sa ya ture. Ya ce ba zan ci ba, kin haukace ne? Ya yi min tsawa ma, na yarda. In ya ture farantin nan zan jira shi ko shekara nawa ne.

Ya yi ɗan murmushi.

"In dai daga hannunki ne, masoyiyata, ko guba ce..."

Ya ɗauki cokalin ya cika shi.

Kafin ya kai baki ta buge hannunsa. Cokalin ya yi tsalle ya faɗi ƙasa, wake ya watsu a rigarsa.

"Auta! Me na yi kuma? Ba ke kika ce in ci ba?"

"Ni na ce." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Kwanan nan aka sallamo ka, ka san abin da zai yi maka, amma ka ɗauka don na ce. Gobe Umma za ta ajiye maka nata a gabanka, shi ma ɗauka za ka yi. Da na zaci don kana so na ne kake ci. Ashe ko wa ya miƙo maka karɓa za ka yi."

"Ba haka ba ne..."

"Tashi ka tafi, Dogo. Kar ka ƙara zuwa."

Ta riƙe bakin tebur. Ko a lokacin, wani ɓangare na zuciyarta jira yake ya buga ƙafa ya ce babu inda za ni.

Ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe rigarsa.

"To," ya ce.

Ya fita.

Washegari ta tashi ta tarar ba ta jiƙa wake ba. Ba ta taɓa mantawa ba sai ranar. Ta tafasa ruwa ta zuba masa, ta jira ya kumbura, ta ɗora girki a makare. Rana ta yi sosai kafin jan mai ya taso, kanikawa sun cika benci suna buga cokula a tebur.

Oga ya matso kusa da ita, ya rage murya.

"'Yata, Dogo yana can bayan gareji tun safe, ko aiki ya kasa yi. Ya ce in roƙe ki, ko minti ɗaya ne ki fito ku yi magana. Ki duba girmana."

Ba ta taɓa musa wa Oga ba. Shi ya tsaya mata aka ba ta shagon nan bayan rasuwar babanta.

"A'a, Baba," ta ce.

Ta ɗauki faranti ta fara zuba wa na farkon layi.