Sunan Ma'u

"Da Larabci za ki karanta," in ji shugaban ƙungiyar marubutan. "Nan Wad Madani ce, ba gonar audugar ubanki ba."

"Da Hausa na rubuta, ya ustaz, da Hausa zan karanta," in ji Hannatu.

Ta miƙe ta karanta babin farko na littafinta. A labarin, wata safiya ruwan Nilu ya sauya, duk wanda ya sha sai ya koma magana da harshen kakarsa. Wani attajiri mai taƙama da nasabar Larabawa ya buɗe baki zai zagi ma'aikacinsa Bahaushe, sai ya ji kansa yana cewa, "Ina kwana?"

Zauren ya yi tsit. Mutum ɗaya ne ya fashe da dariya, wani saurayi a kujerar baya, ya yi saurin toshe baki.

A bakin ƙofa ta tare shi. "Ashe kana jin Hausa."

Ya amsa da Larabci cewa bai gane ba.

"To, ga kunama a kafaɗarka."

Ya daka tsalle yana kakkaɓe riga. Ta yi dariya har da hawaye.

Sunansa Muzammil, injiniyan ban ruwa. Bai daɗe ba ya fara hawa bas zuwa ƙauyensu kusa da Sinnar, yana zama ƙarƙashin darbejiyar gidansu, yana fasa Hausa tana gyara masa.

"Kurman ƙarya, ka isa gida lafiya?" ta tura masa saƙo ta waya.

"Ƙafata ta isa, habibti. Zuciyata tana can tana shan gahawa da ke."

Shi ya ba ta labarin kakarsa Ma'u, wadda aka goyo daga ƙasar Sakkwato a hanyar Makka. Da ɗanta Abdulmuttalib, mahaifin Muzammil, ya yi arziki a Wad Madani, sai ya samo wa kansa nasabar Larabawa. In baƙi suka zo, ɗakin baya ake kai tsohuwar don kada a ji bakinta. A nan ta rasu.

"A ɗakin nan na koyi Hausa," ya ce. "Ki sa sunanta a littafinki, ko ta fito falo sau ɗaya."

Littafin ya fito da Hausa da Larabci, jarumarsa Ma'u, uwar attajirin. Kafin wata ya zagayo, 'yan kasuwa suka fara tsokanar Alhaji Abdulmuttalib: "Ya Hajj, yau wane ruwa ka sha?"

Ya aika a kira Hannatu. Bai ce ta zauna ba.

"Ki janye littafin, ki cire sunan. In kin yi, ni da kaina zan je nema wa Muzammil aurenki. In kin ƙi, ga Ibtisam 'yar ƙanwar matata tana jiransa."

"Baba, wace ƙarya na yi wa Ma'u?"

"Wa ya ce miki ina da wata Ma'u?"

Hannatu ta dubi Muzammil. Kansa na ƙasa, bai ce uffan ba. Ta gyara mayafinta.

"Kun rufe ta da ranta. Ni ba zan ƙara rufe ta ba."

Ta yi kuka a bas tun daga Wad Madani har gida. Mahaifinta Malam Salih ya ce, "Gidan da ke jin kunyar uwarsa, mi za ya yi da ɗiyata? A bar zancen."

Saƙonnin Muzammil suka yi ta shigowa, ba ta amsa. Sai wannan:

"Na yi shiru a gaban babana kamar yadda nake yi in ana jan hannun kakata zuwa ɗakin baya. Yau na faɗa masa ni na ba ki sunan. Ya ce in zaɓa. Ina bakin ƙofarku da jakata, marubuciyata."

Ta fito ba takalmi. "Ka san abin da ka bari?"

"Na sani."

"Ba zan cire sunan ba fa, ko gobe ka yi nadama."

"In kin cire, ni zan fara fushi."

Da kyar Malam Salih ya sauko. An ɗaura aure bayan sallar Juma'a, Adam abokin aikin ango ya tsaya a matsayin danginsa. Tsofaffin ƙauye suka sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ta gari. Tabarmar da aka shimfiɗa wa dangin ango, yara suka hau suna wasa har aka naɗe ta.

Suna zaune lafiya, littafin yana ta yawo daga Managil zuwa Sinnar, ba a taɓa harafi ɗaya ba. Amma ranar salla Muzammil yakan kira lambar mahaifinsa, ta yi ta ringi har ta katse, Hannatu tana kallonsa daga bakin murhu. Ta riƙe sunan Ma'u, mijinta kuma ya rasa uba da uwa da gidan da aka haife shi, duk suna raye.