Gonar Da Ta Fi Ta Maƙwabci

A wani zamani, can wani ƙauye, an yi wani manomi wanda fartanya ba ta taɓa yi masa kanta a hannu ba. Allah kuwa ya yi masa gyaɗar dogo, gonarsa tana jikin ta wani malalacin da ya fi shi.

Matarsa Tabawa ta ce, "Maigida, ciyawa ta kai gwiwa."

Ya ce, "Dubi ta maƙwabci, ta kai ƙugu."

Ta ce, "Maigida, geron ya ƙi fid da kai."

Ya ce, "Dubi na maƙwabci, ko tsirowa bai yi ba."

Da kaka ta yi, a ƙwarya ɗaya ya kawo amfanin gonar gida, yana taƙama wai maƙwabci ludayi ya cika.  Tabawa ta tuƙa tuwo, ta ajiye masa malmala kamar ƙwan zabo, ta dangwala wata kamar ƙwan kurciya kusa da ita.

Ya ce, "Haba Tabawa, wannan zai kashe yunwa?"

Ta ce, "Ci a hankali, maigida, kada ta shaƙe ka. Ai babbar na ba ka."